Abin da Dokar Ingila Ta Hana Masu Riƙon Yara a Gidajen Kulawa

A ce yaro ne ɗan shekara goma sha uku da hukuma ta ɗauke daga hannun iyayensa saboda zaman gidan ya zama haɗari gare shi. An kai shi wani gida inda yake zaune da wasu yara uku, ma'aikata suna karɓa-karɓa a kansu dare da rana. Wani dare aka ce masa ya ajiye waya ya zo ga abinci. Ransa ya ɓaci, ya ɗauki faranti ya wurga, gilashin taga ya tarwatse. To, ma'aikacin da ke bakin aiki a daren, mene ne iyakar abin da zai iya yi masa?

A Ingila amsar tana rubuce a dokar gidajen kula da yara ta 2015, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun shekarar. Hukumar Ofsted ce ke yi wa gidajen rajista, ita ce kuma ke zuwa duba su. Dokar ta kafa ma'aunai tara da suka haɗa da karatun yaro, lafiyarsa, kare shi daga cutarwa, sauraron ra'ayinsa da shugabancin gidan. Amma a ganina zuciyarta tana sashe na 19, inda aka zayyana horon da ba a yarda da shi ba ko kaɗan.

Ma'aikacin nan ba zai daki yaron ba, ko da ɗan mari ne. Ba zai ce masa yau da yunwa za ka kwana ba, domin an haramta duk wani horo da ya shafi ci da sha, hanawa ne ko tilastawa. Ba zai hana shi barci da gangan ba. Idan yaron yana shan magani, ba za a riƙe masa don ya ji jiki ba, kuma ba za a ɗura masa wani don a ladabtar da shi ba. Idan yana da nakasa, kekensa ko na'urar kunnensa ba abin ƙwacewa ba ne. Sauran yara ukun da ke gefe ba ruwansu, ba za a kashe musu talabijin su duka saboda laifin mutum ɗaya ba, ba kuma za a sa babba a cikinsu ya hukunta shi ba. Kuɗin gilashin fa? Ana iya sa shi ya biya wani abu daidai ƙarfinsa, ko da kaɗan-kaɗan ne, a matsayin gyaran ɓarna. Tara ta huce haushi ce babu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar zumunci. Idan mahaifiyarsa za ta zo ganinsa ranar Asabar, ba wanda zai soke zuwan don a koya masa hankali. Haka kiran 'yan uwa da abokai, da magana da jami'in jin daɗin jama'a da ke riƙe da lamarinsa, da layin wayar da yara ke kira su faɗi damuwarsu. Kotu na iya taƙaita wannan, gidan ma na iya yi idan tsaron yaro ya buƙata, amma ba da sunan horo ba. Yaron da aka riga aka raba da ɗakin uwarsa, wace asara kuma za a ƙara masa da ta wuce a yanke ɗan zaren da ya rage?

Ba haka kawai aka wayi gari da waɗannan hane-hane ba. Tsakanin 1983 da 1989, a wasu gidajen yara na yankin Staffordshire, an yi amfani da wani salon horo da ake kira Pindown. Ana keɓe yaro a ɗaki kusan fanko, daga shi sai kayan barci, ba hira, ba makaranta, ba baƙo. Binciken da Allan Levy da Barbara Kahan suka fitar a 1991 ya gano aƙalla yara 132 da aka yi wa haka, har da wanda ya yi kwana 84 a jere. Masu yi kuwa suna ɗaukar abin a matsayin gyaran hali ne.

Idan da yaron ya ɗauki fasasshen gilashi zai yanki kansa ko wani, nan ma'aikaci na iya riƙe shi da ƙarfi. Sashe na 20 ya yarda da haka don hana rauni ko babbar ɓarnar dukiya, da sharaɗin ya zama dole, kuma kada ƙarfin ya wuce kima. Daga nan sai alƙalami. Cikin awa 24 a rubuta abin da ya faru, da wanda ya riƙe shi, da tsawon lokacin, da ko an ji ciwo. Cikin awa 48 shugaban gidan ko wakilinsa ya zauna da ma'aikacin. Cikin kwana biyar a zauna da yaron shi ma, a ji ta bakinsa.

Rubutu kaɗai ba ya isa idan mai laifi ne ke duba littafin kansa, shi ya sa sashe na 44 ya wajabta wani mutum mai zaman kansa ya ziyarci gidan aƙalla sau ɗaya kowane wata, yana iya faɗowa ba sanarwa. Zai duba takardu, ya keɓe da yaran da suka yarda su yi magana, sannan ya aika rahotonsa ga Ofsted.

Kowane gida kuma dole ya bayyana a rubuce yadda zai kula da addini da harshe da al'adar yaran da ke hannunsa, abin da iyayen yaro ke da damar neman gani tun ranar da aka kai shi.