Peter Cartwright, faston Metodis mai zagayen ƙauyuka a kan doki

Peter Cartwright (1785 zuwa 1872) fasto ne na ɗarikar Metodis a Amurka, ɗaya daga cikin masu wa'azin nan da ke yawo a kan doki suna bin ƙauyuka da ƙananan garuruwa a lokacin da Turawa ke ta kutsawa yammacin ƙasar suna sare daji suna kafa gidaje. Ya yi kusan shekara 70 yana wa'azi, yawanci a jihohin Kentaki, Tenesi, Ohayo, Indiyana da Ilinoi. Yau in an ambaci sunansa abin da aka fi tunawa shi ne ya taɓa yin takara da Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya sha kaye, alhali wannan ɗan ƙaramin yanki ne kawai na rayuwar mutumin.

Tasowarsa

An haife shi ran 1 ga Satumba 1785 a gundumar Amherst ta jihar Bajiniya. Babansa tsohon soja ne da ya yi yaƙin neman 'yancin Amurka, mamarsa kuma 'yar Metodis ce ta gaske. Yana ƙarami suka yi ƙaura zuwa Kentaki, suka zauna a gundumar Logan, wurin da a lokacin ya yi ƙaurin suna don ɓarayin dawakai da masu kisa da duk wanda ya gudo wa hukuma nan yake fakewa. Yaro ya tashi da son sukuwar doki da karta da rawa, kuma wai babansa ne ma da kansa ya ba shi dokin tsere da kwalin karta. A 1801, yana ɗan shekara 15 zuwa 16, lokacin da tarukan wa'azin farfaɗo da addini suka karaɗe Kentaki, ya tuba a wani taron wa'azi na fili. Ya mayar wa baban da dokin, kartar kuma ya miƙa wa mamarsa ta jefa a wuta.

A 1802 aka ba shi takardar izinin yin gargaɗi a taro, 1803 ya shiga sahun masu zagaye, mutane suna ce masa yaron Kentaki. Bishop Francis Asbury ne ya naɗa shi dikon, wato matakin farko na naɗin fasto, a 1806, sai Bishop William McKendree ya naɗa shi dattijon ikilisiya a 1808. A shekarar ne kuma ya auri Frances Gaines, suka haifi 'ya'ya 9.

Yadda aikin zagaye yake

Tsarin ya samo asali daga John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Metodis a Ingila, amma a Amurka ne ya yi jijiya sosai bayan an kafa cocin Metodis na ƙasar a Baltimore a 1784. Dabarar ba wuya: ƙauyen da ke da gida goma ba zai iya riƙe fasto ba, to sai a haɗa wurare 20 ko 30 a ba mutum ɗaya, yana fita yau yana wa'azi a ɗakin wani manomi, gobe a rumbu ko ajin makaranta, jibi a gindin bishiya, sai ya yi sati 4 ko ma 6 kafin ya dawo inda ya faro, ya kuma sake ɗaukar hanya. Kayansa duka a jakar sirdi suke, Littafi Mai Tsarki, littafin waƙoƙi, littafin dokokin ikilisiya, sai 'yan littattafan da yake sayarwa. Inda dare ya yi masa nan ne gida, abin da masu gida suka ci shi zai ci.

To in ya wuce wa ke riƙe jama'a? Nan ne wayon Metodis yake. Kowane wuri akwai ƙaramin rukuni na mutum kamar 12 da shugabansu, suna haɗuwa duk mako, shugaban yana tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya yaya zuciyarka da Allah a wannan satin, ana kuma tara ɗan abin da aka samu. Ga kuma masu wa'azi na gida, manoma ne da maƙera, su ke tsayawa ran Lahadi. Shi fasto in ya zo sai baftisma da ɗaurin aure da jibin Ubangiji da sasanta rigima. Kuma bishop ba ya barin mutum ya daɗe, shekara ɗaya ko biyu an ɗauke shi an kai wani zagayen.

Albashi kam ba a magana. Daga 1800 dala 80 ce a shekara ga wanda ba shi da aure, ita ma a takarda, sau da yawa ba ta cika. Cartwright ya ba da labarin lokacin da ya gama aiki a yankin Marietta na Ohayo, shekara 3 rabonsa da gida, dokinsa ya makance, sirdi ya mutu, tufafi faci kan faci, abin da ke aljihunsa santi 75, haka ya kama hanyar Kentaki mai ɗaruruwan mil. Da yawa cikin abokan aikinsa tun suna samari zazzaɓi da sanyi da tsallaka koguna suka kashe su. Har karin magana mutanen yankin suka yi, in aka tashi da mugun hadari sai a ce yau ba kowa a waje sai hankaki da fastocin Metodis.

Halinsa

Mutum ne kakkaura mai murya, ba ya tauna magana. Tarukan fili na lokacin 'yan giya da 'yan iska kan zo su tayar da hankali, shi kuwa ba ya jiran 'yan doka, yakan sauko daga mumbari ya yi maganinsu da hannu sannan ya koma ya ci gaba da wa'azi. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1856 ya ce wata rana yana wa'azi a Nashville aka ja masa riga aka raɗa masa cewa Janar Andrew Jackson, shahararren sojan da daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya shigo, shi kuwa ya ɗaga murya ya ce wane ne Janar Jackson, in bai tuba ba Allah zai hukunta shi kamar kowa. Littafin dai shi ya rubuta abinsa, kuma duk faɗan da aka yi a ciki shi ke yin nasara, mai karatu ya san da wannan.

Ba ya shiri da fastocin da suka fito daga makarantun tauhidi na gabas masu karanta wa'azi daga takarda, yakan kwatanta su da latas ɗin da ya tsiro a inuwar bishiya. Abin dariyar shi ne wannan mutumin dai yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa kwalejin McKendree da jami'ar Illinois Wesleyan da wata makarantar mata a Jacksonville. Ilimi bai ƙi ba, faston da ba zai iya kwana a ƙasa ba ne ba ya so.

Ƙaura zuwa Ilinoi da siyasa

A 1824 ya kwashe iyalinsa daga Kentaki zuwa gundumar Sangamon a Ilinoi, wurin da ya zama garin Pleasant Plains. Babban dalili bautar da bayi ce da ake yi a Kentaki, ya ƙi jininta, yana so 'ya'yansa su tashi inda ba a ɗaukar aikin hannu abin kunya, kuma ya sama musu gonaki. A hanya suka kwana a daji, bishiya ta faɗo ta kashe 'yarsa Cynthia. Duk da ƙin bautar, bai yarda da masu zafin ra'ayin a soke ta nan take ba, gani yake wa'azi da lallashi za su fi, kuma ya ji zafin rabewar cocin Metodis gida biyu, arewa da kudu, kan batun bayi, bayan babban taron cocin na 1844.

An zaɓe shi majalisar dokokin jihar Ilinoi a 1828 da 1832, a zaɓe na biyun ma wani saurayi Abraham Lincoln na cikin waɗanda suka faɗi. A 1846 suka sake karawa kan kujerar majalisar wakilai ta tarayya, Cartwright a jam'iyyar Dimokurat, Lincoln a jam'iyyar Whig. Aka yi ta yaɗa cewa Lincoln ba shi da addini, har sai da ya buga takarda ya raba, ya ce gaskiya ne shi ba ɗan kowace majami'a ba ne amma bai taɓa musun gaskiyar Littafi Mai Tsarki ba. Lincoln ya ci da rata mai yawa, fasto ya koma kan dokinsa.

Ƙarshen rayuwa

Tun 1812 aka ɗora shi kan muƙamin dattijo mai kula da gunduma, wato mai duba fastocin zagaye da yawa yana bin su duk wata 3, ya riƙe irin wannan aikin shekara 50, har aka yi masa biki a 1869. A lissafinsa ya yi wa mutum wajen 12,000 baftisma, ya yi wa'azi sama da 14,000. A tsufansa ya yi ta ƙorafin Metodis sun yi kuɗi sun yi laushi, sun koma gina manyan majami'u da kujerun haya da kayan kiɗa, fasto kuma yana zaune gari ɗaya. Ya rasu ran 25 ga Satumba 1872 a Pleasant Plains yana da shekara 87, a nan aka binne shi, matarsa Frances ta bi shi a 1876. Cocin Metodis na garin har yau sunansa yake ɗauke da shi.