Hoton MRI wajen bin diddigin lalacewar guringuntsi a dabbobi

Amosanin gaɓɓai na zaizaya cuta ce da guringuntsin da ke rufe bakin ƙasusuwa yake lalacewa sannu a hankali. Masu bincike kan nazarce ta a jikin dabbobi, kuma na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki ta amfani da maganaɗisu, na cikin manyan hanyoyin da suke bi su ga yadda take ci gaba ba tare da an yanka gaɓar ba. Hoton ƙashi na eksire ba ya nuna guringuntsi, sai dai ƙuntatar tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa, wadda kan bayyana bayan ɓarna ta yi nisa.

Akan jawo cutar da gangan. A 1973 masu bincike Pond da Nuki suka bayyana hanyar yanke jijiyar gaba da ke cikin gwiwar kare, gaɓar ta saki, guringuntsi ya fara lalacewa. A ɓeraye akan kwance farantin guringuntsin da ke tsakiyar gwiwa, ko a yi allurar wani sinadari mai kashe ƙwayoyin guringuntsi. Ɓeran Masar irin Dunkin-Hartley kuwa yakan kamu da kansa idan ya tsufa.

Kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na guringuntsi ruwa ne, saura kuma yawanci zaren furotin da ake kira kolajin ne da wasu sinadarai masu suna furotiyoglaikan masu riƙe ruwan. Da farkon cutar furotiyoglaikan ke raguwa, saƙar kolajin ta sassauta, ruwa ya ƙaru, har guringuntsin kare kan kumbura ya yi kauri kafin ya fara sirancewa. Wanda ya dogara da auna kauri kaɗai zai iya ɗauka gaɓar lafiya lau take. Shi ya sa aka ƙirƙiro awon da ke duba abin da ke ciki. Taswirar T2, wani nau'in awon MRI, na bin ruwa da tsarin kolajin. A dabarar dGEMRIC, wadda ta fito a shekarun 1990, ana yin allurar sinadarin gadoliniyam mai cajin lantarki irin na furotiyoglaikan. Da yake caji iri ɗaya na ture juna, inda furotiyoglaikan suka ragu, can sinadarin ke taruwa.

Babbar fa'idar ita ce ana iya ɗaukar hoton dabba ɗaya sau da yawa cikin makonni ko watanni, maimakon a riƙa kashe rukuni-rukuni a kowane mataki, don haka adadin dabbobin gwaji na raguwa.

Matsalar ita ce ƙanƙanta. Guringuntsin gwiwar mutum kan kai milimita 2 zuwa 3, na ƙaramin ɓera kuwa bai kai rabin milimita ba. Injinan asibiti masu ƙarfin maganaɗisu na tesla 1.5 ko 3 sun wadatar ga akuya, tunkiya da doki, amma ɓera na buƙatar tesla 7 ko 9.4, kuma dole a sa shi barci don kada ya motsa. Har yanzu akan gwada sakamakon hoton da abin da aka gani a yankan guringuntsin a ƙarƙashin madubin ƙara girma idan gwaji ya ƙare.