Na gudu daga lissafi tun sakandare, me ya kawo shi jami'a kuma?

Duk shekara ƙannena da suka samu gurbi a KASU (jami'ar jihar Kaduna) ko ABU Zariya sai sun turo min tambayoyin nan, to bari in amsa su a wuri ɗaya.

Yaya, ni fa soshiyoloji nake karantawa, ina ruwana da lissafi?

Wallahi da ruwanki ƙanwata. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kaduna mutum miliyan 6 da ɗoriya. A ce jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 duk shekara, ki raba 70 da 3 (dabarar gano shekarun da abu zai ninka kenan), wajen shekara 23 kenan sun ninka, to ajujuwa nawa Rigasa za ta buƙata, gadon asibiti nawa, famfo nawa? Ai tambayar fanninki ce. Kuma a aji huɗu kina da firojet, ki raba takardun tambaya 200 su dawo, wa zai fassara miki alkaluman?

Me ake koyarwa?

Aljabra, jadawalin giraf, matiriks, kalkulas kaɗan, sai ƙididdiga. A cikin ɗaliban kimiyyar zamantakewa, ƴan ikonomiks (tattalin arziki) sun fi kowa shan shi.

Wannan x da y ɗin fa, ina ake ganinsu a rayuwa?

Tsaya bakin Kasuwar Barci ka tambayi mai Keke Napep. A ce balas ɗinsa, wato kuɗin da yake kai wa mai keken kullum, naira 6,000, mai 6,000, fasinja kuma 300. In x ne yawan fasinja, y kuma ribarsa, to y = 300x − 12,000, wato an cire balas da mai. Sai ya ɗauki mutum 40 kafin ko sisi ya zama nasa, shi kuwa ya san haka tsaf ba tare da biro ba, kai kawai rubutawa aka ce ka yi.

To me ke jawo kariyoba, wato faɗuwa kwas a sake shi?

Tushe ne ya lalace, abin na ci min rai sosai. Yaro ya gane darasin yau amma ya haɗa 1/2 da 1/3 ya ce 2/5, alhali 5/6 ne, ko ya manta alamar ragi a layi na biyu shikenan duk aikin ya rushe. Ga kuma hadda, lissafi baya haddatuwa, malam na canza lamba ɗaya ka tsaya cak. Ku koma littafin JSS ba kunya, tambaya 5 kullum da hannu.

Kalkuleta ba za ta wadatar ba?

Abin da ka danna shi take ba ka. Ka saya tun makon farko hannunka ya saba da ita, kar ka aro ta wani ranar jarabawa.