Waiwaye: Giwar Yankari da madobiya

Duk damina sai muhawara ta taso a ƙauyukan Alkaleri kan giwayen Yankari da ke fitowa suna cinye masara da dawa. Ana ta maganar diyya da kora, amma ba a cika tambayar me ya sami dajin da ke wajen iyaka ba, inda giwa ta saba ratsawa.

Tarihin giwa sananne ne. An keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji da tsirrai a duniya, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, sannan a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa giwar Afirka jinsi biyu, ta kurmi da ta fili, duka cikin haɗarin ƙarewa.

Madobiya kuwa, ɗaya daga bishiyoyin irin wannan dajin na wajen iyaka, wadda masana ke kira Pterocarpus erinaceus, dangin wake da ɗorawa ce, saiwarta na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani take kaɗe ganye ta yi fure rawaya, in ta sake toho makiyaya su sassabo wa shanu. Haka aka zauna da ita shekara da shekaru.

Wajen 2013 zuwa 2014 ne lissafi ya sauya, lokacin da masu sayen jan katako don kasuwar Sin suka juyo Najeriya, Taraba ta fi jin jiki. Mai injin yanka babbar bishiya miƙaƙƙiya yake nema, wato uwar iri. Ya fafe gungumen ya bar rassa a ƙasa, su bushe, gobarar daji ta samu abin ci. Hanyar da babbar mota ta keta ba ta sake rufewa: mai gawayi ya biyo ta, bayansa mai gona. Sai a 2016 CITES ta ƙayyade cinikin madobiya, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, bayan manyan itatuwan sun riga sun hau jirgi.

Dukansu biyu ba sa saurin mayar da gurbi. Giwa na ɗaukar ciki wata 22, madobiya kuma sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa katako. Sai dai giwa tana da iyaka da masu gadi, ita kuwa madobiya yawancinta a makiyaya da bakin gonaki take, babu mai ƙirga ta. Kututturenta yakan yi toho, amma in ba a killace shi daga awaki da wuta na ƴan shekarun farko ba, ba ya komawa bishiya.