Kifi yana da gidansa, ku bi shi can, ku bar mana gamalin

Makon jiya ma sai da aka sake kira na. Wani ƙauyen bakin ruwa ne a ƙasa da Yauri, gida ɗaya mutum biyar a kwance, uwa da 'ya'yanta huɗu. Amai suke yi kamar za su fitar da hanji, ƙaramin cikinsu har ya fara jijjiga. Jami'ar lafiyar da ta karɓe su tambaya ɗaya ta yi: me aka ci da dare? Kifi. Wa ya kamo? Yayan yaran. Da na isa gurbin da ya shiga da asuba ban tsaya tambayar kowa ba. Saman ruwan fari fat da 'ya'yan kifi, ciki sama, har da kwaɗi da kaguwa, ga kwalbar gamalin yashe a cikin ciyawa. Karo na uku ke nan tun da ruwa ya fara ja baya a bana.

'Yan uwana masunta, kun san ni. Na ci tuwo a gidajenku, na kwana a tsibiranku, kun tsallakar da ni a kwale-kwalenku ba ku karɓi ko sisi ba. Saboda haka ba zan yi muku kwana-kwana ba: mai zuba gamalin a ruwa ba masunci ba ne. Ya kasa gane inda kifi yake ne, sai ya kashe gulbin gaba ɗaya don ya huta da nema.

Gamalin maganin ƙwarin itacen koko ne fa. Don gonakin kudu aka kawo shi, kuma tun 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda za a daina amfani da su a gona. Abin da aka ce bai dace a fesa wa itace ba, shi kake tsiyayawa a ruwan da matarka za ta ɗebo ta dama wa yaro kunu. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana kama shi da guba, ta hana da nakiya, ta hana da lantarki. Ban cika son kawo zancen doka ba, don na san wanda bai ji tsoron ganin ɗansa yana jijjiga ba, takarda ba za ta ba shi tsoro ba.

Duk saurayin da na tare da kwalba magana ɗaya yake yi mini: "Malam, ai babu kifi yanzu." Kifi ya ragu, ban musa ba, kuma kwalbar hannunka na cikin abin da ya rage shi. Amma babu? To me ya sa baba tsoho, da kwale-kwalensa mai yoyo da mamari ɗaya, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, yake dawowa da abin miya har da na kai wa kasuwa? Shi ya san gidan kifi. Kai ba ka taɓa zama ka tambaye shi ba, kana ganin inji ya fi shi sani.

Kifi ba ya zama ko'ina a gulbi. Ba ya son wahala, ba ya son rana ta dame shi, yana son abinci ya zo ya same shi. In ka riƙe wannan, ruwan da kansa zai riƙa nuna maka. Duba inda ƙaramin rafi ya shigo babban gulbi, ka ga layin da ruwa mai laka ya haɗu da mai haske. Can ƙananan kifi ke taruwa saboda abin da rafin ya kwaso, manya kuma na bayansu. Duba inda gulbi ya yi kwana: ɓangaren waje, inda ruwa ya ci gindin gaɓa, nan zurfi yake, nan tarwaɗa ke lafewa da rana ta fito kiwo da dare. Shimfiɗa mamarinka da magariba a bin gaɓar, ka dawo da asuba. Bayan dutse, inda ruwa mai gudu ya karye ya yi juyi, giwan ruwa ne ke tsaye yana jiran abin da igiyar ruwa za ta kawo masa, kuma ƙaramin kifi mai rai yake so a ƙugiya. Tsage shi kuwa ruwa mai gudu mai haske yake bi. Karfasa tana bakin ciyawa, inda ba zurfi, gindin burugu musamman. Kurungu na cikin kututture da ramukan duwatsu.

Kututturen nan ma bari in tsaya a kansu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye daji da gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Bussa. Itatuwan da suka nutse suna nan a ƙasa, su ne kuke zagi kullum don suna yaga muku kalli. To su ne ɗakunan kifi. Kada ka jefa raga a tsakiyarsu, za ka yi asara. Ka tsaya gefe, ka sa gura ko ƙugiya. Tsofaffi sun haddace su ɗaya bayan ɗaya, suna auna wurin da wata giginya a gaɓa da wani tudu a ƙetare, in biyun suka daidaita a ido sun san sun iso. Wannan ilimin ba ya cikin waya. In tsofaffin nan suka tafi da shi, ya tafi.

Sannan yadda kake isa wurin. Na sha ganin yaro ya taho da inji yana ruri har kan gurbi, ya jefar da dutsen tsayawa tim, ya buga filafili a jikin jirgi, sa'an nan ya ce wurin babu komai. Ai kifi na ganin ka, mai jar koma. Kashe inji tun daga nesa. Ka taho daga ƙasa kana hawowa, domin kifi a ruwa mai gudu kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa. Ka sa gora ka taɓa ƙasan ruwa, ka ji yashi ne ko laka ko dutse. Ɗaura dutse a igiya ka auna, inda rairayi ya yanke zurfi ya fara, nan za ka tsaya. In ka ga tsuntsaye na shawagi suna faɗawa ruwa wuri ɗaya, sun riga sun yi maka rabin aikin. Kuma wurin da ya ba ka kifi lokacin da ruwan damina ya cika ya yi laka, ba lallai ya ba ka ba idan ruwan hunturu mai duhu ya iso daga sama. Kifi na ƙaura, kai ma ka ƙaura.

Duk wannan yana son haƙuri, na sani. Kwalba ba ta son haƙuri. Awa ɗaya ka cika jirgi. Sai me? Ka kashe uwa, ka kashe ƙwai, ka kashe ɗan da bai kai yatsa ba wanda ko kwasar sa ba za ka yi ba. Gurbin da ya ciyar da kakanka ka rufe shi da hannunka, baɗi ka zo ka ce mini babu kifi. Shanun Fulani a nan suke sha. Yara a nan suke wanka. Ƙauyen da ke ƙasa da ku bai san abin da kuka aiko masa ba sai ciki ya fara murɗa.

Kada wani ya ce mini ai kakanni ma suna daka magimfa, tsiron nan mai bugar da kifi, su zuba. Ita ma dokar ba ta bar ta ba, kuma kakannin nan su ne suka san rufe ruwa. Je ka Argungu ka gani. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, kuma ba don ana tsare kogin Matan Fada, Sarkin Ruwa na hana shiga sai lokaci ya yi, da ba a fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa ba.

Ku kuma iyayena mata masu banda, da ku nake. Ke ce kike saye a bakin ruwa, kin kuma san kifin gamalin in kin gan shi: iri-iri a haɗe, manya da 'yan mitsi-mitsi, babu shaidar raga a wuya, babu hudar ƙugiya a baki, ga araha ta banza. Kina cewa wuta za ta kashe gubar. Ba ta kashewa. Banda ba ta fitar da ita, suya ba ta fitar da ita, a kitsen kifin take maƙalewa ta wuce cikin wanda ya ci. Kwandon nan da kika ɗora a mota zuwa Kontagora ko Birnin Kebbi, ɗan wani ne zai ci. Liman ya sha faɗa muku matsayin mai algus a ciniki, ba sai na maimaita ba. Ranar da kuka haɗa baki kuka ƙi saye, ranar kwalba za ta daina shiga jirgi.

Zancen rigar kariya da cika jirgi fiye da kima na wata rana ne. Wanda ya ga yadda jirgin ruwa ya nutse da mutane a Wara a watan Mayun 2021 ba ya buƙatar wa'azina.

Ga abin da nake so ku riƙe, a gaggauce:

- Wanda ya ci kifi ya fara amai, jiri, ciwon kai ko jijjiga, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar kifin.
- Kada a ɗura masa madara ko manja, maiƙo na ƙara jan wannan gubar cikin jiki. Kada a sa masa yatsa a baki.
- Kun ga matattun kifi sun taso a gurbi, a hana ɗiban ruwa da shayar da dabbobi a wurin, a gaya wa Sarkin Ruwa da mai gari.
- Ba gamalin kaɗai ba, duk maganin feshin gona ko na ciyawa bai da hurumi a jirgi. Ko wanke tankin feshi kada a yi a gulbi.
- Samari, kowa ya nemi tsoho ɗaya ya bi shi su na mako guda, ya riƙe masa filafili, ya rufe bakinsa.

Yaran nan huɗu da uwarsu sun tashi, alhamdu lillahi, an sallame su. Yayan nasu ya zo ya same ni kansa a sunkuye, na haɗa shi da wani dattijo da ya yarda ya nuna masa kututturen da ke gabas da tsibirinsu. Kwalbar tana wurina, zan taho da ita zagaye na gaba, a gaban mai gari za mu yi maganar wanda ya sayar masa.