Mece ce rokar ruwa, kuma me ke sa ta tashi?

Rokar ruwa ita ce ƙaramar rokar da ake haɗawa da gorar lemo ta roba, a zuba mata ruwa, a dura mata iska da famfon keke, sannan a sake ta ta yi sama. Babu wuta a cikinta, babu albarushi. Iskar da aka matse a ciki ita ce ƙarfinta, ruwan kuma shi ne abin da take watsarwa baya domin ta ci gaba.

Ƙa'idar da take aiki da ita daidai take da ta manyan rokokin da ke kai tauraron ɗan'adam sararin samaniya, wato dokar Isaac Newton ta uku da ya wallafa a 1687: duk abin da ka tura, shi ma zai tura ka da ƙarfi daidai da naka. Wanda ya taɓa dira daga kwalekwale zuwa gaɓa ya san yadda kwalekwalen ke ja da baya. Iska tana tura ruwa ƙasa ta bakin gora, ruwan kuma yana tura gorar sama. Dalilin zuba ruwa maimakon a bar iska kaɗai shi ne nauyi, domin ruwa ya ninka iska nauyi kusan sau 800.

Turawar ba ƙarama ba ce. Faɗin bakin gorar lemo wajen milimita 22 ne, kuma idan matsin iska ya kai psi 60 (psi shi ne ma'aunin matsi da gejin famfo ke nunawa), ƙarfin da ke ɗaga gorar a lokacin saki ya kai na nauyin kilo 30. Sai dai ruwan yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido, ƙasa da rabin daƙiƙa. Duk sauran tafiyar da gudun da ta samu a wannan ɗan lokaci take yin ta. Idan ka ɗauko gorar bayan ta sauko za ka ga farin hazo a cikinta, jikinta kuma ya yi sanyi, saboda iskar da ta buɗe farat ɗaya sanyi take yi.

Kayan haɗi ba su da wahalar samu: gora biyu masu cin lita ɗaya da rabi ko lita 2, kwali mai tauri ko fallen roba, salatif mai faɗi, ƙwallon tenis ko curin yumɓu, toshiyar kwalba, bawul ɗin tayar mota da za a samu wajen mai faci, tiyo mai tsawon mita 3 zuwa 5, da famfon keke mai geji. Gorar dole ta kasance ta lemo mai gas, domin ita aka ƙera don jure matsi. Gorar ruwan sha siririya ce, fashewa take yi. Wadda ta karce, ta lotse, ko ta daɗe a rana, a ajiye ta gefe.

Gora ɗaya ita ce injin, kuma ba a yanka ta, ba a huda ta. Ana kife ta ne, bakinta ya dubi ƙasa. A yanke kan ta biyun, a cusa ƙwallon tenis a ciki, a kifa shi a gindin injin a naɗe da salatif. Wannan shi ne hancin roka. Daga nan a yanka fukafukai uku ko huɗu, kowane tsawon santimita 10 zuwa 12, faɗi wajen 7, a manna su kusa da bakin gorar da tazara iri ɗaya. Kada a yi amfani da gam mai zafi kai tsaye a jikin injin, yana raunana robar, kuma daidai wurin za ta tsage. Toshiyar kuwa sai a huda tsakiyarta, a cusa bawul ɗin ya kama tsam, a haɗa shi da famfo ta tiyo, sannan a toshe bakin injin da ita bayan an zuba ruwa.

Wajen zuba ruwa da dura iska ne masu koyo suka fi yin kuskure, suna zaton yawan ruwa ko yawan iska ne ke kawo nisa. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne ruwa ya cika kashi ɗaya cikin uku na gorar, wato rabin lita a gorar lita ɗaya da rabi, ko mililita 600 zuwa 700 a ta lita 2. Idan ruwan ya wuce rabi, rokar ta yi nauyi, iskar kuma ta yi kaɗan, ƙarfinta zai ƙare alhali da sauran ruwa a ciki. Za ka ga ta ɗan ɗaga, ta karkace tana tsiyaya. Idan ruwan ya yi kaɗan, sai a ji ƙara mai yawa, tashi kuwa ba yabo ba fallasa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne daidaito. Roka tana da cibiya biyu. Ta farko cibiyar nauyi, inda za ta tsaya cak idan ka ɗora ta a kan yatsa ba ruwa a ciki. Ta biyu cibiyar bugun iska, inda ƙarfin iskar waje ke taruwa a jikinta. Wajibi ne cibiyar nauyi ta kasance gaba, wajen hanci, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin gorar. Nauyin hanci yana jan ta farko gaba, fukafukai suna jan ta biyu baya. Gorar da ba ta da su biyun, da zarar ruwa ya ƙare sai ta fara wuntsila gudidi, iska ta cinye gudunta nan take. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaura igiya mai tsawon mita 2 a cibiyar nauyi, ka riƙa wulwula rokar a saman kanka. Idan hancin ya miƙe gaba da kansa, ta yi. Idan ta tafi a kaikaice ko da baya, ƙara nauyi kaɗan a hanci ko ka faɗaɗa fukafukai. Amma a yi hattara, nauyin da ya wuce kima shi ma yana rage nisa. Giram 50 zuwa 60, kwatankwacin ƙwallon tenis ɗaya, yakan wadatar.

Sauran matsalolin sanannu ne. Fiffike ɗaya da ya karkace yana sa roka ta yi ta juyi ko ta nufi gefe. Kwalin da ya jiƙe yana lanƙwashewa, shi ya sa ake lulluɓe shi da salatif gaba ɗaya. Toshiya kuma tana da halinta: ita ke zaɓar lokacin da za ta fita, sau da yawa tun matsin bai kai yadda ake so ba. Masu son su riƙe sakin a hannunsu sukan zura bututun PVC na rabin inci cikin bakin gorar, su kama zoben wuyanta da igiyoyin roba masu haƙori irin na masu wayarin, su rufe su da wani guntun bututu da ake janyewa da igiya daga nesa.

Matsin psi 40 zuwa 60 ya isa, kuma kada a wuce shi da gora irin wannan. Sabon inji a fara gwada shi cike fal da ruwa, daga nesa, domin ruwa ba ya matsuwa, ko gorar ta fashe ba za ta yi wurgi da ɓaraguzai da ƙarfi ba. A harba a fili mai faɗi, nesa da wayoyin lantarki da titi da rufin mutane, 'yan kallo su ja baya mita 15, mai famfo ya sa tabarau. Kada kowa ya leƙa saman rokar da aka fara dura wa iska. Idan ta ƙi tashi, a sace iskar ta tiyo kafin a matsa kusa. Batun cusa kan ashana ko albarushi a gora kuwa, wannan ba rokar ruwa ba ce, hanyar rasa yatsu da idanu ce.

Za a iya ƙiyasta tsayin da agogo kawai. A ƙirga daƙiƙu daga tashi zuwa sauka, a ninka adadin da kansa, a sake ninkawa da 1.2. Tafiyar daƙiƙa 6 ta kama wajen mita 43, ko da yake jan iska na sa lissafin ya ɗan kauce. Gora ɗaya mai kyakkyawan daidaito takan kai mita 30 zuwa 60. Wata tawaga daga Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ta kai mita 830 a 2015, amma da jiki na musamman da aka ƙarfafa da zaren kabon, mai jure matsin da gorar lemo ba za ta ko kusanta ba.