Waiwaye: aure ya mutu, bashin gida yana nan

Wata 'yar'uwata, malamar makaranta a nan Damagaram, ta shekara biyu da fita daga gidan mijinta. Ta gama idda, an kwashe kayan ɗakinta a amalanke, har wata ta tare a ɗakin. Amma duk ƙarshen wata sai banki ya yanki wani kaso na albashinta, saboda bashin da aka gina gidan da shi. Ran da ta nuna mini takardar, da yatsa ta bi layin da sunanta yake, ta ce, "Yaya, shi ya sake ni, me ya sa su ba su sake ni ba?" Amsar wannan tambaya tana da tarihi.

Kakanninmu a unguwannin Birni da Zango sun san jingina tun kafin zuwan Nasara. Mutum ya ba da gonarsa ko gidansa, ya karɓi kuɗi gaban shaidu, ran da ya biya ya fanshi abinsa. Matarsa ba ta cikin maganar, domin a fiƙihun Malikiyya da muke bi dukiyar mata tata ce, ta miji tasa ce, kuma ɗawainiyar muhalli a wuyan miji take. In aure ya mutu, kowa ya ɗauki nasa.

Faransawa sun kama Zinder, wato Damagaram, a 1899, kuma daga 1911 suka yi mulkin ƙasar daga nan har 1926 da aka mai da babban birni Yamai. Su suka kawo rijistar fili, musamman da dokar 26 ga Yuli 1932, wadda ta sake tsara takardar mallaka da muke kira titir fonsiye. Daga nan gida ya zama na wanda sunansa ke rubuce, ko da unguwa duka ta san wa ya sayi siminti.

Bayan samun 'yancin kai, dokar tsarin shari'a ta 1962 ta bar aure, saki da gado a hannun al'adar masu ƙara, kuma dokokin da suka gaje ta sun tafi a kan haka. An yi ta ƙoƙarin kafa kundin dokar iyali, na wajajen 1994 da na 2011 duk suka ci karo da adawar ƙungiyoyin addini, aka jingine su. Bashin banki kuwa wata hanya ya bi. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar OHADA, wadda ta haɗa dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, a 1993, kuma dokarta ta jingina da lamuni, wadda aka kafa a 1997 aka sabunta a 2010, ita ke aiki a kowane banki. Shi ya sa za a iya sasanta ma'aurata a fadar Sarkin Damagaram, ko alƙali ya tabbatar da saki, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na takardar bashi ba. Banki bai halarci ɗaurin aure ba, hukuncin saki ma bai ɗaure shi ba.

Nan ne mata ke faɗawa. Albashin miji shi kaɗai sau da yawa ba ya kai abin da banki ke nema, sai a ce matar ta haɗa nata, ko ta tsaya masa. Dokar OHADA tana ɗaukar mai tsayawa a matsayin wanda ya haɗa wuya da wanda ya ci bashin, sai fa in takarda ta faɗi akasin haka. Ma'ana, da zarar miji ya kasa biya, ana iya bin ta duk abin da ta lamunta, ba rabi ba. Dokar ta ce sai mai tsayawa ya rubuta iyakar kuɗin da hannunsa, da harafi da lamba, wanda bai iya rubutu ba kuma a kawo shaidu biyu. Kariya ce mai kyau, sai dai macen da ke zaune kusa da mijinta a ofis, ga kunya ga gudun a ce ba ta yarda da shi ba, rubutawa take yi kawai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar fili. Bashi da suna biyu, gida da suna ɗaya. Doka ta ba wanda ya biya wa wani bashi damar bin sa kuɗinsa, amma wace bazawara ce za ta kai uban 'ya'yanta kotu, dangi na cewa ta yi haƙuri? A ganina, macen da za a yanki albashinta saboda gini, a sa sunanta a takardar mallaka tun ran farko, kuma masu sasanci su riƙa tambayar bashi kamar yadda suke tambayar riƙon yara.

'Yar'uwata ta tattara takardun albashinta na wata ashirin da huɗu cikin leda. Kawunmu ya yarda zai raka ta wurin tsohon mijin, su je banki tare a nemi cire sunanta, in bankin ya amince da wani mai tsayawa a madadinta.